Burkutu a ƙasar sanyi: ya ƙi zaƙi, ya ƙi tashi

Na Hamburg: Sannunku 'yan zaure. Tambayata ta masu dafa giya ce, wanda abin bai shafe shi ba ya yi haƙuri ya wuce. A nan Jamus akwai ƙungiyoyin masu dafa giya a gida don sha'awa kawai, ba sayarwa suke yi ba, kuma ina cikin wata. Kowa da tukunyarsa ta lantarki, da ma'aunin zafi, da littafin da yake rubuta duk abin da ya zuba. Duk wata mukan haɗu, kowa ya kawo tasa a ɗanɗana. Sun dame ni sai na kawo musu ta garinmu. Na sayi jar dawa a shagon 'yan Afirka, na jiƙa, ta tsira, na busar, na niƙa, sannan na bi yadda muke yi da sha'ir: garin tsiro cikin ruwa mai zafin digiri 66 na tsawon awa ɗaya, a tace, a tafasa, a sa yis na fakiti. Abin da ya fito ruwa ne tsululu, ba zaƙi, ba tsami, ba ƙarfi. Ni mutumin Pankshin ne, na san abin da ake kira mos, wato burkutun garinmu, wannan ba shi ba ne. Wa zai gaya mini inda gizo ke saƙar?

Ɗan Langtang: Kai da ka tafi neman digiri, ashe digiri 66 ka samo. Ka dawo gida ranar kasuwa, da 'yan canjin aljihunka za a cika maka ƙoƙo, a ƙara maka gyara.

Na Hamburg: Yaya, kuɗin jirgi fa? Ko kai za ka biya?

Goggon Numan: Ɗana, 'yata ce ke rubuta mini, ni faɗa nake yi. Na dafa burkutu har na aurar da 'ya'ya da kuɗinsa, yanzu gwiwa ce ta zaunar da ni. Ka ce ka zuba garin duka cikin ruwan zafi lokaci ɗaya. To nan ka rabu da hanya, dawa ba ta son haka.

Da ruwan sanyi ake fara damawa, a babbar randa, a motsa sosai, a bar shi ya kwanta tun hantsi har rana ta karya. Za ka ga ruwa mai ɗan ja-ja ya taso sama, garin ya koma ƙasa. Wannan ruwan na sama shi ne ran giyar. A kwashe shi a hankali da ƙwarya a ajiye gefe, kada wuta ta taɓa shi. Abin da ya kwanta shi ake ɗorawa a murhu, a yi ta tuƙawa da muciya kada ya kama, har ya dahu ya yi kauri. A sauke, a bar tururin ya ragu, sannan a juye masa ruwan nan da aka ajiye. Ka tsaya ka zuba ido: kaurin zai saki da kansa, ya tsinke, in ka lasa ka ji zaƙi. A rufe, a bar shi ya kwana. Da asuba ka ɗanɗana. In tsami ya kama gefen harshe, ya isa. In ka yi barci har rana ta fito a kansa, ya wuce, sai dai aladu su gode maka. Daga nan a tace, a mayar wuta, a yi ta tafasa. Nan itace ke ƙarewa, nan ma ake gane mace mai rowar wuta. In ya huce a zuba a randa, a sa masa abin da ya kwanta a gindin tsohon burkutu. Kafin gari ya sake wayewa za ka ji shi yana magana a ɗaki.

Sannan tsiron naka, kwana nawa ya yi? A ɗaki mai sanyi ka shimfiɗa shi?

Na Hamburg: Na gode ƙwarai, Goggo. A ɗakin ƙasa na shimfiɗa, kuma da sanyi, gaskiya. Da na ga farin baki ya ɓullo sai na busar.

Goggon Numan: Bai nuna ba ke nan. Mu kwana uku zuwa huɗu muke ba shi, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, ana yayyafa ruwa safe da yamma, ana juyawa. Sai saiwa ta kama juna, in ka ɗaga ya taso tare. Ka tauna ƙwaya ɗaya. In ba ka ji zaƙi ba, kada ka shanya.

Malamin Kimiyya: Ina roƙon kowa ya sake karanta abin da Goggo ta faɗa, don duk amsar tana ciki. Bari in ɗora da harshen aji.

Lokacin da hatsi ke tsira yana samar da enzayim, wato abin da ke farfasa sitaci ya mayar da shi sukari, sukarin kuma shi yis ke ci ya fitar da barasa da iska. Amma enzayim ba ya iya cin sitaci sai ya dahu ya kumbura. Sitacin sha'ir yana dahuwa a wajen digiri 60 zuwa 65, daidai zafin da enzayim ɗinsa ke aiki, shi ya sa Bature ke zuba komai a tukunya ɗaya ya tsaida ma'auni a 66 ya tafi shan shayi. Sitacin dawa kuwa sai an haura digiri 70 yake dahuwa, kuma a wannan zafin enzayim ɗin da ke kawo zaƙi ya fara mutuwa. Ga shi dama dawa ba ta da shi da yawa kamar sha'ir. Ka ga matsalar: in ka rage wuta sitaci bai dahu ba, in ka ƙara enzayim ya tafi.

Me iyayenmu suka yi? Enzayim yana narkewa a ruwan sanyi, sai suka kwashe shi gefe da ƙwarya, suka dafa sitacin shi kaɗai, suka bar shi ya ɗan huce, sannan suka haɗa su. In ka sa ma'auninka bayan haɗawar, ka nemi 60 zuwa 65. Tsiron kuma yana son ɗumi na digiri 25 zuwa 30, ɗakin ƙasa na Jamus ba zai ba ka wannan ba sai ka kunna hita. Kwanan da Goggo ta ce a yi, shi ne lokacin da ƙwayoyin bakteriya masu kawo tsamin nono ke aikinsu. Kai ka tafasa nan take ka kashe su, daga ina tsami zai zo?

Na Hamburg: Malam, na fahimta, kuma abin ya burge ni. Amma wannan kwanan a buɗe shi ne inda za mu sami saɓani da mutanena. Su a wurinsu tsabta ita ce rabin aikin. Duk abin da zai taɓa ruwan bayan tafasa sai an wanke shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, har cokali. Giyar da ta yi tsami ba da niyya ba, zubarwa suke yi. Kuma abin da suke alfahari da shi shi ne mutum ya dafa abu yau, ya sake dafa irinsa daidai bayan wata shida. Ni ma ina ganin in ana so burkutu ya je ko'ina, dole a auna, a rubuta, a daina "in ka lasa ka ji".

'Yar Zonkwa: Ya je ina? Wa ya ce maka yana neman tafiya?

Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Mahaifiyata da dafa burkutu ta biya mana makaranta mu biyar. Ta tashi tun kafin zakara, ta ɗebo ruwa, hayaƙi ya cinye mata ido. Abin da ta samu a gari shi ne "matar nan mai gidan giya", har yaran makwabta ana hana su wasa da mu. Yau ga ɗan'uwanmu ya sayi tukunyar lantarki a Turai yana yin abu ɗaya ranar hutu, shi kuma sunansa mai fasaha. Bai ma iya ba tukuna, amma har ya fara gaya mana yadda za a gyara. Goggo ta warware maka cikin numfashi ɗaya abin da littafinka ya kasa, ba ta taɓa riƙe ma'aunin zafi ba. Harshenta da tafin hannunta su ne ma'auninta, kuma masu saye ne ke duba mata aiki kowace ranar kasuwa. In ya lalace sau biyu, sun koma gidan gaba.

Na Hamburg: 'Yar'uwa, ban raina kowa ba. Da na raina da ban zo tambaya ba.

'Yar Zonkwa: Ban ce ka raina ba. Na ce in ka kai musu suka yaba, ka faɗi daga bakin wa ka ji. Kada gobe mu gan shi a kwalba da hoton zaki da sunan wani Bature.

Baban Biyu: Daga Amurka nake bin ku. Ina tare da 'Yar Zonkwa a rabi. Abin dariyar shi ne masu wannan sha'awar a nan yanzu giya mai tsami suke rububi. Lambic na ƙasar Beljiyam a buɗe ake barin ruwansa ya kwana a faffaɗan kasko don yis na iska ya faɗa, kuma kwalbarsa ta fi ta sauran tsada. A Jamus ɗin ma da Na Hamburg yake, giyar Berliner Weisse da ta Gose da bakteriya masu kawo tsamin nono ake yin su. Sai kuma kveik, yis ɗin manoman yammacin Norway, wanda iyali ke gāda kaka da kakanni, suna kwasar sa daga giyar da ta gabata su busar a jikin zoben katako. 'Yan shekarun nan kowa a nan yana neman sa, don yana aiki da sauri a zafin da ya kusa digiri 40. To me ya raba shi da gindin randar Goggo? Na tsohon Norway gado ne, na tsohuwar Numan ƙazanta?

Inda na rabu da ke, 'yar'uwa, rubutawar ba raini ba ce. Manoman Norway ma saura kaɗan abin nasu ya ɓace, sai da wasu masu naci suka bi su gida-gida suna aunawa suna rubutawa. 'Yar Goggo da ke riƙe da wayar nan, ta iya dafawa?

Goggon Numan: Ni ce 'yar, wannan amsata ce ba ta Mama ba. Ban iya ba, kuma ita ce ta hana ni koya. Ta ce ba don in tsaya gaban murhu ta kai ni makaranta ba.

Baban Biyu: To kun ji. Kuma kada a ɗauka Turawa sun daɗe suna ganin girman abin. A Amurka sai 1978 Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta dafa giya a gida: galan 100 a shekara ga baligi ɗaya, 200 in gidan akwai manya biyu ko fiye, ba sayarwa. Alabama da Mississippi kuwa sai 2013 suka yarda.

Na Hamburg: A nan a da lita 200 ce a shekara ba haraji, daga farkon 2025 aka mayar da ita 500. Dokarsu ta tsabtar giya ta 1516, wadda ta ce ruwa da sha'ir da furen hop kawai, ba ta hana ka zuba abin da kake so a kicin ɗinka ba, amma akwai tsofaffi a ƙungiyarmu da in suka ji dawa sai su yamutsa fuska su ce wannan ba giya ba ce.

Malam Na Fagge: Assalamu alaikum. Na yi ta haƙuri ina wucewa kamar yadda aka roƙa, amma abin ya yi tsawo. Wannan zaure na masu jin Hausa ne gaba ɗaya, akwai yara matasa a ciki, ga shi an zauna ana koyar da haɗa giya daki-daki. A addinina haramun ce ba tare da wani saɓani ba, aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta yanke magana, kuma laifin bai tsaya kan mai sha ba, ya haɗa da mai yi da mai ɗauka da mai sayarwa. Ban zo zagin kowa ba. Amma ku da kuke yabon ta, ku faɗi har da gidajen da ta rusa.

Mai Kula da Zaure: Wa alaikumus salam, Malam. An ji, kuma ka faɗa cikin ladabi. Tunatarwa ga kowa: a zauren nan akwai Musulmi, akwai Kirista, akwai masu bin na gargajiya, Hausa ce ta tara mu. Ba a tallar sayarwa, ba a kiran kowa ya sha. Wanda yake jihar da doka ta hana, ya san dokar garinsa. Tun da Zamfara ta fara aiki da shari'a a Janairun 2000 jihohi 11 suka bi, kuma kowa na ganin Hisbah a Kano tana fasa kwalabe. Zagi ko gori, daga kowane ɓangare, zan goge.

Dattijon Bukuru: Malam Na Fagge, kada ka ɗauka kai kaɗai ne. Mu ma a ikilisiyarmu ba a sha. Mishan na SIM da SUM, waɗanda ECWA da COCIN suka fito daga cikinsu, barin giya na cikin abin da suke nema ga mai son baftisma tun farko, kuma mahaifina da ya tuba randunansa ya fara fasawa. 'Yan'uwanmu Katolika sun fi sassauci, wannan tsohon zance ne tsakaninmu. Amma zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba. A ƙuruciyata burkutu abin gayya ne. Mai gona ya sa a dafa, a taru a yi masa noma, da yamma manya su zauna su sha a ƙwarya ɗaya, yaro ba ya matsowa. Ba kullum ake samu ba, don dafa shi mako guda ne kuma dawar rumbu ce ke tafiya. Abin da ke kwantar da samarinmu a Jos yau ba shi ba ne, goskolo ne, barasar nan mai ƙarfi da ake haɗawa a gida, da 'yan ƙananan ledojin nan masu arha da yaro zai saka a aljihun makaranta. Ban halatta burkutu ba, na dai ce a san wanda ya yi ɓarnar.

Malam Na Fagge: Baba, na gode da adalcinka. Sai dai mai shan goskolo ɗin ma da wani abu ya fara.

'Yar Zonkwa: Malam, gidajen da ta rusa na san su fiye da kai, a tsakar gidanmu suke faɗuwa. Mama tana da mutanen da in sun sha ƙoƙo biyu take ƙwace ƙwaryar ta kore su, akwai wanda matarsa ta zo ta roƙa, daga ranar ba a sake sayar masa ba. Leda ba ta korar kowa.

Nas Mai Aikin Dare: Tunda an zo nan, bari in raba abu biyu da ake cakuɗawa. Mutanen da suka mutu a Ode-Irele ta jihar Ondo da kuma jihar Ribas a 2015, ogogoro suka sha mai gubar metanol a ciki. Wannan matsalar barasar da ake turarawa ce da kuma wadda ake gauraya wa sinadarin masana'anta. Hatsin da aka dafa ya tashi da kansa ba ya tara metanol mai makantarwa, ƙarfin burkutu ma yawanci kashi 3 zuwa 6 ne cikin ɗari. Amma yana da nasa haɗarin, kuma ba na son a rufe shi da zancen gado. Dawar da ta yi fumfuna tana iya ɗauke da aflatoksin, guba ce mai cin hanta, kuma tafasa ba ta kashe ta. Wasu masu dafawa da gangan suke sayen dawar da ta lalace don ta fi arha. Ga dafawa a tsohon duro wanda ba a san me ya taɓa ɗauka ba. Ga ruwan da ake sirkawa da shi bayan an sauke, da ƙwarya ɗaya da ake ɗaurayewa a bokiti ɗaya tun safe. Kuma barasa barasa ce, kashi 4 ɗin ma in mutum ya wuni a kai kullum, hantarsa za ta kawo shi wurinmu. Mai ciki kuwa ko ɗanɗane.

Malamin Kimiyya: Ƙari a kan na Nas: tsiro da saiwar dawa suna da wani sinadari da ke sakin sayanayid, shi ne abin da ke kashe dabbar da ta ci ɗanyar dawa ƙarama a gona. Na Hamburg, in ka busar ka murje ka sheƙe, kuma kada ka gajarta tafasa. Doguwar tafasar nan ta Goggo tana korar sa.

Goggon Numan: Nas ta faɗi gaskiya a kan ruɓaɓɓiyar dawa. Mun san masu yi. Burkutunsu yana sa ciwon kai tun kafin a tashi daga benci. Ni a tafin hannu nake zuba dawa in shinshina kafin in yi ciniki. Murjewar kuwa, wasu na yi wasu ba sa yi, ni ina yi don saiwa tana kawo ɗaci.

Hajiyar Kunu: Ni ba ruwana da giyarku, kunun zaki nake yi na sayarwa a Kaduna. Amma bayanin Malamin Kimiyya ya buɗe mini ido. Mu ma haka muke yi: a raba ƙullu biyu, a dama ɗaya da tafasasshen ruwa, in ya ɗan huce a zuba ɗanyen da aka niƙa da dankali ko tsiron shinkafa, a bar shi ya kwana, da safe ya tsinke ya yi zaƙi. Ashe dalilin ke nan. Tambayata, Malam: in ya wuni a jarka lokacin zafi har ya fara kumfa, murfi na huci, ya zama abin da Malam Na Fagge ke magana a kai?

Malamin Kimiyya: Hajiya, rabin farko na aikin iri ɗaya ne, dankali ma yana da wannan enzayim ɗin. Inda kuka rabu, ke ba kya sa masa yis, kuma kina sayarwa a ranar. Kumfa da hucin murfi alama ce yis na iska ya shiga ya fara cin sukarin. Hukuncin na malamai ne, ni dai abin da zan ce, ki riƙa yin daidai na yini, ki sa a ƙanƙara da wuri, ki wanke jarkokin da ruwan zafi, don a jikinsu yis ɗin jiya ke kwana.

Malam Na Fagge: Hajiya, ƙa'idar ita ce abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Tsami kaɗai ba ya haramta abu, in ba haka ba da nono ya tafi. In ya fara tafasa da kansa, ki zubar ki huta da shakka.

Ɗan Langtang: Kun ga ikon Allah. Malam ya shigo rufe aji, ya ɓuge da ba da darasi.

Na Zangon Wa: Gaisuwa daga Ghana. Mu a nan tamu giyar fito ake kiranta, matan Dagaaba na Nandom da Jirapa su ne gwanaye. Hanyar Goggo ce sak wajen kwashe ruwan sama, amma su suna tacewa sosai, sai ya fito garau, ja mai haske, ba kauri irin na burkutu. Suna daka ɓawon karan kuɓewa su zuba, yauƙin ya ja garin ƙasa. Yis ɗin kuma ba sai ka roƙi makwabciya ba, ana busar da shi a sayar a kasuwa. A Burkina, inda suke kiran giyar dolo, har a miya suke sa busasshen yis ɗin.

Ɗan Marwa: Bilbil ɗinmu na arewacin Kamaru da Cadi ma gidan ɗaya ne. Abin da nake so in ƙara, kowace mace da ranarta. A unguwa an san yau gidan wance ne, gobe na wance, don ba ya ajiyuwa, kuma ba wadda za ta so ta karya 'yar'uwarta. Na Hamburg, wannan zai ba ka wahala: ku kuna dafa abin da zai yi wata uku a kwalba, namu ranar da ya tashi ranar ake shanye shi, yana kan aiki ake sha. Kwana biyu ya zama ruwan tsami.

Na Hamburg: Tambayar da nake shirin yi ke nan. Haɗuwarmu a wani gari ake yi, sai na shiga jirgin ƙasa. In na ɗura a kwalba na toshe fa?

Malamin Kimiyya: Kada ka kuskura da kwalbar gilashi. Abokanka sai giya ta gama aiki suke ɗurawa, su auna ɗan sukari kaɗan don kumfa. Burkutu kuwa da sauran sukari da yawa a cikinsa, yis na raye, iska za ta taru har kwalbar ta fashe, kuma tana yanka. Jarkar roba, murfi a sassauce, ka riƙe ta a tsaye. Ka lissafa kwanakinka ta baya yadda zai tashi a daren da za ka tafi.

Sannan in tsofaffin nan sun ce dawa ba ta giya, ka ba su labarin 1988. A shekarar gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, kamfanonin Najeriya suka koma dawa da masara ala tilas. Matsalar da ta hana ka barci ita ta hana injiniyoyinsu, suka fita ta hanyar dafa sitacin daban da ƙara enzayim na saye. Guinness ɗin Najeriya, wanda masana'antarsa ta Ikeja ita ce ta farko da kamfanin ya gina a wajen Ireland da Birtaniya, da dawa a cikinsa, kuma shi ake ɗauka a kai shagunan Landan.

'Yar Zonkwa: Su da enzayim na saye, Goggo da ƙwarya. Ba wanda ya zo Numan ya tambaya.

Baban Biyu: Saura batun abin tashi. Ba ka da gindin tsohon burkutu, kuma kada ka ce a aiko maka a jaka, kwastan za su ba ka labari. Don tsamin, ka ajiye ɗan garin tsiro ɗanye ka barbaɗa bayan zaƙin ya fito kuma ruwan ya sauko ya zama ɗumi, ka naɗe tukunyar da bargo ta kwana. Don tashin kuma ka nemi kveik, tunda shi ma ɗan zafi ne. Na farko ba zai yi daidai ba. Ka kwashi gindinsa ka sa wa na biyu, na biyu ka sa wa na uku.

Goggon Numan: Wannan na Amurka ya yi magana. Sabuwar randa ma ba ta ba da daɗi sai ta sha dafuwa. Amma bargon nan ka kula, in ɗumi ya yi yawa tsamin zai riga ka tashi, ka duba tun tsakar dare. Kuma gindin da za ka ajiye, kada ka bar shi cikin ruwa. Ka tsane shi a ƙyalle mai tsabta, ka shanya a inuwa inda iska ke wucewa, ba a rana ba.

Na Hamburg: Goggo, rana ma ina muka gan ta a watan nan. Mudu nawa na tsiro zan sa wa lita 20?

Goggon Numan: Ban san litarku ba. Jarkar nan mai ruwan ɗorawa ta man gyaɗa, in ita kake nufi, ka sa mudu huɗu, ka dama da ruwan da ya fi jarkar, don wuta za ta sha nata. In kana son mai nauyi ka ƙara rabin mudu. Kuma jar dawa ka ce ka saya ko? Ka duba da kyau ba wadda aka surfe ba ce, surfaffiya ba ta tsira daidai.